Fim Ya Kammala, Ta Wace Ƙofa Zai Fita? Faifai, Sinima, Talabijin, Manhajar Biya ko YouTube

Kwanakin baya wani ƙanena a sana'a ya shigo ɗakin da nake tace hoto, ya zaro diskin ajiya daga aljihun gaba, a naɗe cikin hankici kamar laya, ya ɗora a kan tebur. Fim ɗinsa na farko ke ciki, awa ɗaya da minti arba'in. Rabin jarin kuɗin filinsa ne da ya sayar, rabin kuma bashin kawunsa ne da aka yi alkawarin biya bayan babbar salla. Ya ce, "Yaya, an gama. To ina zan kai shi? Abokaina sun ce in zuba shi a YouTube daren Juma'a. Ni kuma raina na son a haska shi a sinima, ko Allah zai sa wata rana a kira sunana a wajen gasa." Na tura masa kujera, don wannan tambaya ba ta amsuwa a tsaye.

Abin da na fara faɗa masa shi zan fara faɗa maka. Ƙofofin nan a kan matakala suke, wata sama da wata. Fim ɗin da ya fara da sinima zai iya gangarowa talabijin, ya shiga manhaja, ya ƙare a YouTube. Wanda ya fara da YouTube kuwa ya sauka ƙasa ke nan, ruwa ba ya komawa tudu. Saboda haka kafin ka tambayi wacce ta fi, tambayi wacce za ta zo farko.

Da me za a auna?

Ma'aunin farko kuɗin fita ne, wato abin da za ka ƙara kashewa bayan an tashi daga lokeshin an gama tacewa. Sabbin furodusoshi da yawa a nan suke faɗuwa, sai su cinye kasafi duka a wajen ɗauka, a wayi gari babu ko na buga fasta. Na biyu, ta yaya kuɗi ke dawowa, kuma yaushe. Naira ɗari yau da naira ɗari baɗi ba ɗaya ba ne a wajen mai bashi a wuya. Na uku ƙarko: shekara nawa fim ɗin zai yi yana raye, ana kallonsa, yana kawo wani abu. Sai sauƙin shiga, sai kasada, wadda ta haɗa da satar fasaha, da hukuma, da mutanen da za ka yi hulɗa da su. Na ƙarshe shi ne wanda ƙanena ya fi damuwa da shi: shin wannan hanya tana barin ƙofar gasa a buɗe ko tana rufe ta?

Faifai da 'yan turi

A kan kaset aka haifi wannan masana'anta. Tun daga Turmin Danya a 1990, kasuwar fim ɗin Hausa ta gida ce, a saya a kai ɗaki a kalla da iyali. Wanda bai riski zamanin ba zai yi mamakin yadda ake cinikin: furodusa ya buga kwali, ya kai wa 'yan kasuwa a Ƙofar Wambai ko Bata tare da uwar kaset, su kuma su kwafa su saka a kwalin su sayar. Ribarka tana cikin yawan kwalin da ya tafi. Daga baya sidi ya zo, wanda bai wuce ɗaukar kimanin minti 80 ba, sannan DVD mai gigabait 4.7.

Ni ma na ɗanɗana. Akwai wani ɗan kasuwa da na bi kuɗin kwali har takalmina ya san hanyar shagonsa. Kullum in na je sai ya sa a kawo min lemo mai sanyi, ya ce, "Malam, kaya ba su motsa ba, ka dawo jibi." Ranar da na daina zuwa, a kan hanyar komawa gida na tarar da yaro yana tura baro cike da fim ɗin nawa, a kwalin da ban taɓa bugawa ba.

Yau kam maganar faifai gajeriya ce. Na'urar kallonsa ta bar yawancin ɗakuna, sabbin kwamfutocin hannu ma ba sa zuwa da wurin saka shi. Ko a Amurka, Netflix da ya fara da aika wa mutane DVD ta gidan waya ya rufe wannan sashe a Satumbar 2023. Faifai yana karcewa, zafi yana lanƙwasa shi, kwafarsa kuma aikin minti kaɗan ne. In za ka buga, buga 'yan kaɗan na kyauta da ajiyar tarihi.

Magajin faifai na gaskiya shi ne mai turi, wannan matashin da ke bakin kasuwa ko tasha da kwamfuta da tarin wayoyin caji, yana zuba wa mutane fina-finai a memori da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Kada ka raina shi. Shi ke kai fim ƙauyen da sabis ba ya kaiwa, da hannun matar da ba ta da kuɗin data. Wasu furodusoshi suna zama da ƙungiyoyinsu a yi ciniki, a biya wani abu kafin a saki fim. Kuɗin hannu ne, da wuri, amma kaɗan ne kuma sau ɗaya. Da zarar fayil ya shiga waya ɗaya, ya zama na kowa.

Sinima, da maganar gasa

Nan ce ƙofa mafi tsada, kuma nan ya kamata a daɗe. Da farko sai fim ya bi ta hannun masu tacewa, hukumar ƙasa da kuma ta jiha in a Kano ne, wadda aka kafa a 2001. Sannan sinimar zamani ba ta karɓar fayil irin na waya. Akwai tsarin da ake juya fim zuwa gare shi, DCP, kuma sautinka sai ya zama na gaske. Ƙarar janareta da kukan akuya da ba ka ji a lasifikar kwamfuta, a babban zaure za su fito tamkar da gayya aka saka su. Sai talla: tirela, fasta, rediyo, jarumai su zo ƙofar sinima su gaisa da jama'a. Duk daga aljihunka.

Kuɗin tikiti kuma ba naka ba ne kai kaɗai. A cire haraji, gidan sinima ya ɗauki kasonsa, mai rarrabawa ya ɗauki nasa, abin da ke isowa ga furodusa bai cika kai rabi ba. Yi wannan lissafin da kanka: a ce naira 1,000 ke shigowa aljihunka daga kowane tikiti, kuma ka kashe miliyan 10, to sai mutum 10,000 sun biya sun zauna kafin ka ga uwar kuɗinka. Ina za ka samo su? Mafi yawan zaurukan sinima na Najeriya suna Legas da Abuja da biranen kudu. A can ne fim ɗin Funke Akindele ya haura naira biliyan 1 a farkon 2024, karo na farko da fim ɗin gida ya yi haka. A Kano kuwa, tsofaffin gidaje irin su Plaza da Orion da Marhaba sun zama labari, Wapa ma in an ambata yanzu canjin kuɗi ake tunawa. Ga kuma tsohon kallon da ake yi wa zuwa sinima, wanda har yau yana hana magidanta da yawa kai iyalinsu. In fim bai ja mutane a makon farko ba, sauke shi za a yi a saka wani.

To me ya sa har yanzu ake sha'awarta? Saboda manyan gasanni da ita suke aunawa. Dokar Oscar a rukunin fina-finan ƙasashen waje ta ce sai an haska fim a sinimar kasuwanci kwana 7 a jere, kuma kada ya riga ya fita a talabijin ko intanet kafin nan. Sharaɗi na biyu ya fi daɗi a kunnenmu: fiye da rabin maganar fim ɗin ya kasance ba da Turanci ba. A kan wannan aka cire Lionheart na Genevieve Nnaji a 2019, don Turancinsa ya rinjayi Ibo. Shekarar da ta biyo baya Najeriya ta tura The Milkmaid, wanda yawancinsa da Hausa ne, a 2024 kuma ta tura Mai Martaba. Ba su kai zagayen ƙarshe ba, amma sun nuna cewa harshen da wasu ke ganin shi ke tauye mu, a wannan fagen shi ne tikitin shiga. Kwamiti ne ke zaɓar fim ɗaya tak a shekara ya wakilci ƙasa, don haka kada ka gina kasafinka a kan wannan mafarki.

Rigimar tsoho da sabo, wato sinima da intanet, ba a kanmu aka fara ba. Bikin Cannes na Faransa tun 2018 ba ya barin fim ya shiga babbar gasarsa in ba za a haska shi a sinimomin ƙasar ba, abin da ya raba shi da Netflix. A ɗaya ɓangaren, a 2022 fim ɗin CODA na kamfanin Apple ya zama na farko daga masu nuna fim ta intanet da ya ci kyautar gwarzon fim a Oscar. Bikin fina-finan Afirka na FESPACO a Wagadugu, da ake yi tun 1969, ya daɗe yana cewa sai fim na zare mai milimita 35, sai a 2015 ya buɗe babbar gasarsa ga na dijital. Dokokin suna sassautawa, amma a hankali, kuma bukukuwa da yawa har gobe ba sa karɓar fim ɗin da kowa zai iya kallo kyauta a intanet.

Kusa da gida akwai gasar fina-finan Afirka ta AMAA da aka fara a 2005, da AMVCA ta tashoshin Africa Magic da aka fara a 2013, da bikin Zuma na Hukumar Fina-finai ta Najeriya a Abuja, da KILAF na Kano mai kula da harsunan gida. AMVCA ta fi sassauci, tana duba abin da aka nuna a talabijin da intanet. Sai dai ka sani, rukunin Hausa zalla da ta daɗe tana warewa, daga 2024 an haɗe shi cikin na harsunan Afirka ta Yamma, wato yanzu da manyan fina-finan Yarabanci za ka kara. Kowace gasa kuma tana son fassarar Turanci a rubuce a ƙasan hoto, mai kyau, ba irin wadda ake yi da tsakar dare ana gyangyaɗi ba. Wasu na ƙetare da dala ake biyan kuɗin shigarsu.

Ra'ayina a nan: kambu ba ya biyan bashin kawu. Amfaninsa yana zuwa ne daga baya, ranar da ka zauna ciniki da gidan talabijin ko mai zuba jari a fim na biyu.

Talabijin

Tun da Arewa24 ta fara a 2014, ga kuma Africa Magic Hausa da sauran tashoshin tauraron ɗan'adam, talabijin ta zama mai sayen kaya na gaske. Kuɗin fita kaɗan ne, fim mai tsabta da takardar tacewa. Farashin sananne ne tun kafin a nuna, ko mutum goma suka kalla ko miliyan. Wahalar ita ce samun shiga, da jiran biya, da kuma takarda.

Takardar nan ita ce komai. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta ce sayar da haƙƙi ko ba da lasisin keɓewa sai a rubuce. Kafin ka sa hannu nemi amsar abu huɗu: haya ce ko sayarwa ce baki ɗaya, shekara nawa, a waɗanne ƙasashe, kuma shin sun samu damar ɗora shi a tasharsu ta YouTube? Wannan na ƙarshen shi ke cin mutane. Ka ba da hayar shekara biyu kana murna, ka wayi gari fim ɗinka yana intanet a tashar wani, talla tana shigar masa.

Manhajojin biya

Iri biyu ne. Akwai na gida masu fina-finan Hausa, irin su Northflix da Kallo, akwai kuma manya na duniya. Na gida sun fi sauƙin shiga, ana iya zama da masu su a yi magana, ko a saya ko a raba abin da aka samu. Matsalarsu yawan masu biya. Mai kallo zai sayi data, sannan ya biya kuɗin kallo, alhali ya san in ya yi haƙuri kwana biyu wani zai naɗo fim ɗin ya watsa a Telegram.

Manyan kuwa kuɗinsu ya fi kauri, amma ba a aika musu fim kai tsaye, sai ta hannun dillalan da suka amince da su, kuma sharuɗɗansu na hoto da sauti masu tsauri ne tun daga irin kyamarar da aka yi aiki da ita. Kasuwar ma ba ta da tabbas: a Janairun 2024 Prime Video na kamfanin Amazon, ɗaya daga cikin manyan, ya dakatar da ɗaukar nauyin sabbin ayyuka a Afirka. In ka samu, alhamdu lillahi. In ba ka da wanda ya riga ya ce yana so, kada ka ajiye fim shekara guda kana jiran waya.

YouTube

Kullen korona na 2020 ya ƙara kora masana'antar nan zuwa YouTube, kuma fina-finai masu dogon zango suka samu gida a can. Ɗora fim kyauta ne, ba mai tsare maka ƙofa, daga Damagaram zuwa Kumasi zuwa Jidda duk za a gan ka a dare ɗaya. Shi ya sa abokan ƙanena suke ta zuga shi.

Ga abin da ba su gaya masa ba. Kafin tasha ta fara cin kuɗin talla sai ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. In fim ɗinka awa ɗaya ne kuma yawancin mutane rabi suke kallo su tashi, kallo 8,000 ke nan kafin a fara lissafi da kai, kuma abin da aka kalla kafin a amince da tashar ya tafi a banza. Bayan nan kashi 55 cikin 100 na kuɗin talla ne naka, ba kuma za a turo ba sai ya kai dala 100. Farashin talla ya danganta da inda mai kallo yake. Kallo dubu daga Kano bai kama ƙafar kallo dubu daga Landan ba. Saboda haka miliyan ɗin da kake gani a ƙasan bidiyon wani, kada ka juya shi zuwa naira da ka.

YouTube kuma mai son a saba ne. Wanda ke zuwa duk mako a rana ɗaya da lokaci ɗaya shi yake turawa gaba, don haka ya dace da mai dogon zango. Fim guda ɗaya a sabuwar tasha kamar mai shago ne da ya buɗe rana ɗaya ya rufe. In ka kai shi babbar tashar wani, to ka koma maganar takarda: kaso nawa, wa ke ganin lissafi, yaushe za ka iya sauke abinka.

Kasadarsa uku ce. Kiɗa ko waƙar da ba ka mallaka ba, ko ta daƙiƙa kaɗan ce, na iya sa a karkatar da kuɗin bidiyon zuwa ga mai ita, gargaɗi uku na haƙƙin mallaka kuma suna rufe tasha da duk abin da ke cikinta. Na biyu masu kutse, waɗanda saƙo ɗaya na ƙarya ya ishe su ƙwace aikin shekaru. Na uku, intanet ba ta fitar da kai daga hannun hukuma ba: a Mayun 2025 hukumar tace fina-finai ta Kano ta dakatar da masu dogon zango 22 a kan rashin kawo su a duba kafin saki. Ka tuna da aljihun mai kallo ma. Tun da aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, mutane da yawa sun koma jiran garaɓasar dare ko shagon mai turi, kallon da aka yi daga memori kuwa ko sisi ba ya kawo maka.

Ta fuskar ƙarko dai babu kamarsa. Fim zai yi shekaru yana ɗigo da 'yan kuɗi, muddin tashar na raye.

| Hanya | Kuɗin fita | Dawowar kuɗi | Ƙarko | Sauƙin shiga | Babbar kasada | Ƙofar gasa |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Faifai | Matsakaici | Da ƙyar | Gajere | Da sauƙi | Ba masu saye | Ba ya taimako |
| 'Yan turi | Kusan babu | Kaɗan, nan take | Yana yawo, ba riba | Da sauƙi | Fayil ya fita hannu | Tana rufewa |
| Sinima | Mai yawa | Ba tabbas | Makonni | Da wuya | Zaure ba kowa | A buɗe sosai |
| Talabijin | Kaɗan | Sananne, da jira | Iya wa'adin haya | Matsakaici | Mummunar yarjejeniya | Wasu a buɗe |
| Manhajar biya | Kaɗan zuwa mai yawa | Ya danganta da ciniki | Iya wa'adi | Na gida da sauƙi, na waje da wuya | Naɗewa a watsa | Wasu a buɗe |
| YouTube | Kusan babu | A hankali | Shekaru | Mafi sauƙi | Rufe tasha, kutse | Manya sun rufe |

Abu ɗaya teburin bai nuna ba, kuma ya shafi kowace hanya: uwar fim ɗin. Abin da ke YouTube matsattsen kwafi ne, ba zai yi maka amfani ba ranar da wani ya zo saye. Ajiye asalin a diski biyu, a gida biyu, tare da sautin magana daban da na kiɗa daban. Na taɓa rasa aikin wata uku a dare ɗaya da aka kawo wuta da ƙarfi, diskin yana jone, kuma shi kaɗai ne.

Wa ya dace da wacce?

In bashi ne a wuyanka kuma an sa rana, fara da talabijin ko manhajar gida, hayar gajeren wa'adi, ka riƙe haƙƙin intanet a hannunka. In wa'adin ya cika sai ka gangara YouTube, 'yan turi su zo a ƙarshe.

In labarinka mai dogon zango ne, kuma kana da kuɗin ɗaukar zango guda cikakke kafin ka saki fitowa ta farko, YouTube ne gidanka. In fitowa uku kawai ka ɗauka kana fatan kuɗin talla su ɗauki sauran, dakata tukuna.

In suna kake nema da gasa, kuma hotonka da sautinka za su iya tsayawa a babban allo, to ka kulle fim ɗin, ko tirela ce kaɗai ta fita. A yi fassara, a tura bukukuwa, a nemi kwana bakwai a sinima, sannan a bi matakalar zuwa ƙasa. Wannan hanyar mai haƙurin shekara ce ko fiye, da kuɗin da ba a jiran su.

In kuwa fim ɗin na faɗakarwa ne, wata ƙungiya ta riga ta biya, burinka kawai ya isa ga jama'a, ba shi ga 'yan turi da hannunka, ka ɗora a YouTube, ka kai wa duk tashar da za ta nuna.

Ƙanena dai da muka saka fim ɗinsa a manyan lasifika, minti goma bai cika ba muka ji janareta yana gurnani a bayan jaruma tana kuka. Ya yi shiru, ya ce sinima sai a fim na gaba. Ya mayar da diskin cikin hankicinsa, ya tafi neman mawaƙin da ya yi masa waƙoƙi biyu, don har ranar ba su rubuta komai a tsakaninsu ba, ga shi ranar Litinin yana da zama da wani gidan talabijin.